Kunnuwan Aro a Ƙarƙashin Rawani

A Limancin Kona, katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da gidan Malam Nasidi. Katangar ma ba wata doguwa ba ce, don idan matarsa Hajo ta taka turmi ni ma na taka nawa, sai mu ga juna har wuya. Ta kanta muke miƙa wa juna gishiri da garwashi da labari. Ta kanta kuma na fara jin cewa kunnen Malam ya soma tafiya.

Shekarun da azumi ya faɗo tsakiyar bazara ne, wajen ƙarshen alif ɗari tara da tamanin da wani abu. Malam Nasidi shi ke yin tafsiri a masallacin unguwarmu bayan la'asar, tun kafin a kawo ni aure. Alaramma Inuwa ya ja baki ya tsaya, Malam ya fassara, Alaramma ya sake ja. To duk aikin a kan tsayawar nan yake. Karatu dai yana kan Malam, ko cikin barci aka tashe shi zai kawo. Amma dole ya ji inda aka tsaya, dole kuma ya ji idan harshen Alaramma ya zame, ya gyara masa.

A azumin da ya gabata abu ya faru. Alaramma bai gama ja ba, yana tsakiyar aya, sai Malam ya kama fassara a kan muryarsa. Wata rana kuma ya fassara ayar da ba a kai gare ta ba. Babu wanda ya ce uffan a masallaci. A zauruka aka yi maganar.

Wanda ya fi kowa ɗaukar abin da zafi shi ne Malam Sabo, ɗan wan Malam Nasidi, wanda ya yi karatun farko a gabansa kafin ya fita waje ya ƙaro. Kada in ɗauki alhakinsa, ba mugun mutum ba ne. Abin da ya gaya wa dattawa shi ne, wannan ba wasa ba ne, a ɗora ma'ana a kan ayar da ba tata ba, talakawa su ɗauka su tafi da ita gida. Amma kuma kowa ya san idan Malam ya sauka daga buzun nan, shi Sabo ne zai hau. Dattawa suka yanke cewa a ga bana. Idan aka sake, to Malam ya huta.

"Huta fa suka ce, Jummai," in ji Hajo ta kan katanga, muryarta ƙasa ƙasa. "Mutumin nan idan aka raba shi da buzun nan, wallahi ba zai kai baɗi ba. Na san abina."

Na ce, "To ya fito ya ce ba ya ji mana."

"Wa? Malam? Ni da nake kwana in tashi da shi ma bai taɓa ce mini ba ya ji ba. Cewa yake na koyi magana cikin hanci."

Autansu Bala shi ya kawo dabara. Magidanci ne lokacin, yana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Samaru, kullum hannunsa da waya da sukundireba. Ya zo da ɗan hedifon irin na samari, mai siririn ƙarfe da soso a baki, ya jona a rikoda mai makirfo, ya ce Baba ya gwada.

Malam ya dubi abin kamar an ajiye masa kunama a tabarma.

"Wannan ba shi ne na ga 'yan disko suna yawo da shi a Tudun Wada suna kaɗa kai ba?"

"Shi ne, Baba. Amma abin da ka zuba masa shi yake kawo maka."

"Ni za ka sa wa wannan? Da gemuna?"

Sai da Hajo ta sa baki, ta kulle ƙofar tsakar gida, sannan ya yarda. Bala ya yi magana a makirfo. Malam ya kasa kunne, can ya ce, "Ina jin ruwa yana zuba a kan kwano. Kai kuma kamar kana cikin rijiya."

Washegari Bala ya nufi shagon Bahago mai gyaran rediyo a Ƙofar Kibo. Da bakinsa ya ba mu labarin yadda suka yi. Bahago ya juya ɗan hedifon, ya matsa soson da yatsa, ya wurga masa.

"Wannan na yara ne. Rabin sautin a iska yake tsiyayewa. Wa za ka sa wa?"

"Wani tsoho ne."

"Wani tsoho mai gemu, mai tafsiri bayan la'asar?"

Bala ya ce, "Bahago, don Allah."

"Ban ce komai ba. Bakina na da zif."

Ya jawo wata durowa ya fito da hedifon na hannu, mai faifai biyu masu laushi da ke rufe kunne ruf, ba manya can ba. Ya ce a nan ake farawa, mutum ya fara gyara abin da ke taɓa kunnensa kafin ya yi zancen komai. Bala ya sa, ya jona a rikodarsa, ya ji murya ta fito tas, babu ruwan nan da ke zuba. Sai dai ta yi ƙasa sosai.

"Ya aka yi ya fi wancan kyau amma ya fi shi rashin ƙara?"

"Mai kyau ci gare shi. Rikodarka ba ta da ƙarfin ciyar da shi. Sai da amfilifaya, mai ƙara wa sauti ƙarfi."

"To ya kake gani, ya cancanci a saya? Ko dai ciniki kake nema?"

Bahago ya yi dariya. "Da don kanka ne, da sai in ce ka riƙe kuɗinka ka sai wa matarka atamfa. Kunnenka garau, ƙarin me kake nema? Amma wanda kunnensa ya yi nauyi, hedifon ba amfilifaya kamar ka ɗora tukunya ne a murhu ba wuta."

Shi ya haɗa abin da hannunsa, a cikin kwanon sabulu na roba, shuɗi, da ɗan makunni a gefe. Yana shiga aljihu. Batir yake ci, 'yan ƙananan nan masu kama da yatsa. Da zai miƙa, sai ya riƙe bai saki ba.

"Abu ɗaya. Ba ya sallama idan zai tafi. Zai ɗan yi kakari, sai ɗif. Da ka ji ya fara shaƙewa, cire batir ka zubar, sa sabo. Ka ji ko?"

Bala ya ce ya ji.

Ranar da aka gwada wa Malam, ina kan turmina ina leƙe, don Hajo ta ce in zo in gani. Bala ya koma can bakin rijiya da makirfo, ya yi magana a hankali kamar mai raɗa. Na ga Malam ya ɗaga kai. Ya waiga hagu, ya waiga dama. Sai ya ce, "Wace ce take tsinken zogale?"

Hajo ce, tana gefen Bala, ganye na faɗawa cikin kwarya.

Ta ajiye kwaryar ta shige ɗaki. Ta daɗe ba ta fito ba.

Amma Malam ya kafa sharaɗi. Kada kowa ya gani. Bala ya ce ai da an jona a na'urar lasifikar masallaci da an huta, Malam ya ce to ladan ke riƙe da ita, kuma abin da ladan ya sani kasuwa ta sani. Saboda haka aka shirya wata hanya. A lokacin mutane sukan jera rikodojinsu a gaban malami su ɗauki tafsiri, wayoyi ko'ina a kan darduma. Bala zai riga kowa zuwa ya ajiye makirfo a gaban Alaramma cikin sauran, ya bi da wayar ta ƙarƙashin buzu. Kwanon sabulu yana aljihun Malam. Wata waya ta bi ta cikin riga ta fito ta ƙeya. Hedifon a kai, rawani a kansa.

Hajo ce mai shirya shi. Ita ke zura waya, ita ke sa batir, ita ke riƙe bakin rawani yana naɗawa har faifan nan biyu su ɓace. Rawanin ya ɗan ƙara faɗi ta gefe, mutane suka ce Malam ya canza naɗi.

Aka kama azumi, aka buɗe tafsiri. Mu mata muna zama a wata rumfa bayan masallaci, lasifika na kan soro tana kawo mana, akwai kuma 'yar taga mai ƙarfe da idan ka miƙa wuya za ka hango gaba. Ranar farko Hajo ta riƙe hannuna har sai da yatsuna suka yi tsami. Alaramma ya ja, ya tsaya. Malam ya ɗauka daidai wurin. Ya sake ja, ya tsaya. Malam ya ɗauka. Haka har aka yi addu'a.

Malam Sabo yana sahun gaba kullum. Shi ma ya ajiye rikodarsa, wata 'yar ƙarama da ya zo da ita daga waje, ba ta fi tafin hannu ba, duk sauran kuwa manya ne masu cin batirin tocila. Kowa ya san ba don neman ilimi ya ajiye ta ba. Bala ya taɓa cewa a gida, cikin haushi, "Abin takaici ma irin batirinmu take ci." Malam yana sanye da kunnuwansa na aro a lokacin, ya ji.

Kwanaki suka tafi lafiya. Sai wata Alhamis Malam ya dawo ya ce yau wajen ƙarshe muryar Alaramma ta ɗan shaƙe. Bala ya hau babur ya sayo sababbin batir, ya damƙa wa uwarsa, ya ce gobe Juma'a ta sa waɗannan, tsofaffin ta jefa a shara. Shi yana da aiki da safe, daga can zai wuce masallaci ya shimfiɗa waya.

To a nan ne. Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane ba. Mu a lokacinmu ba a zubar da batir. Idan ya yi sanyi, shanya shi ake a rana, ya sha zafi, ya farfaɗo, a mayar da shi rediyo ya ƙara kwanaki. Kowane gida za ka ga batir a jere a kan katanga kamar an shanya kuɓewa. Da safiyar Juma'ar nan na hau turmi na gan su a kan katangarmu, rana na dukansu.

Na ce, "Hajo, ba waɗannan aka ce ki zubar ba?"

"In zubar? Ji yaron nan da ɓarna. Ko tsatsa ba su yi ba."

"To sababbin fa?"

"Na adana. Ranar rufe tafsiri ai ta fi kowace rana jama'a, har daga ƙauyuka ake zuwa. Ranar nake so su yi aiki da ƙarfinsu."

Da azahar ta kwashe su da zafinsu ta zuba a kwanon sabulu, ta sa hedifon a kanta, ta ce in yi magana a wani tsohon makirfo da Bala ya bari a gida. Na ce, "Hajo mai rowar batir." Ta zabura ta cire, tana dariya.

"Kin ji? Kamar a cikin kaina kike. Wa ya ce sun mutu?"

Ni ma na gwada, na ji rangaɗau. Mu biyu masu kunne garau, muka yanke hukunci a kan abin da aka yi wa mai nauyin kunne. Ta ɗaure sababbin a ƙulli ta jefa cikin kwallar da ke saman jere.

Ranar masallaci ya cika har waje. Juma'a ce, waɗanda suka shigo birni salla da yawa ba su koma ba. Mai Unguwa da dattawan da suka yanke maganar duk suna gaba. Zafi kuwa, ko ganye ba ya motsi. Kowa leɓensa ya bushe.

Aka fara lafiya. Alaramma ya ja, Malam ya fassara. An yi nisa, har na saki jiki ina gyangyaɗi, sai na ji Alaramma ya tsaya, Malam bai ɗauka ba.

Ba wani dogon shiru ba ne. Amma mun saba da yadda yake cafewa, sai ya zama kamar an taka matakala babu ita. Can ya ɗauka, daidai kuma.

Hajo ta dube ni.

Na miƙa wuya ta taga. Na ga hannun Malam na dama ya shige aljihu, yana murɗa wani abu. Na ga ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya wajen Alaramma, ya ƙura wa bakinsa ido. Gumi na bin gefen rawanin yana sauka cikin gemu.

"Me kika gani?"

"Bakin Alaramma yake kallo."

"Innalillahi."

Alaramma ya sake ja. Malam yana bin leɓɓansa da ido, da suka rufe ya ɗauka. Ya tsira. Amma na ga Malam Sabo ya gyara zama, ya sa yatsa ya tura 'yar rikodarsa gaba kaɗan. Bala yana can gefe jikin ginshiƙi, mutane sun danne shi ta ko'ina, ya rasa yadda zai yi, sai kallon ubansa yake.

Hajo ta miƙe. Ba ta ko nemi takalmanta ba. Ta tsallake ƙafafun mata ta faɗa lungu da gudu, tsohuwa mai azumi, ƙasa kamar garwashi.

Ni na zauna a bakin taga. Sai abin da nake tsoro ya faru. Alaramma Inuwa, da ma idan karatu ya yi masa daɗi yakan sunkuyar da kai ya rufe ido, gemunsa ya kwanta a ƙirji. Ya sunkuya. Bakinsa ya ɓace wa Malam. Ya ja doguwar aya, ya kai wata gaɓa, ya tsaya.

Shiru.

Malam yana kallon saman hular Alaramma. Bai san ko an tsaya ba, ko numfashi ake ja. Idan ya yi magana alhali ana karatu, ya maimaita na bara. Idan ya yi shiru alhali an tsaya, kowa ya gane. Idan ma ya ɗauka, daga ina zuwa ina?

Wani ya yi tari a baya. Lasifika ta yi ɗan kuka a kan soro. Wata mata kusa da ni ta ce, "Lafiya kuwa?" Mai Unguwa ya dubi dattijon da ke gefensa, dattijon ya dubi ƙasa. Ina jin 'yar rikodar nan kamar tana juyawa a cikin ƙirjina, alhali ko ƙararta ba a ji.

Hajo ta dawo tana haki, ƙullin a hannunta. Ba ta shigo rumfa ba, ta zagaya bakin ƙofar masallaci inda takalman maza suke tuli. Na bi ta. Ta tsaya cak. Gabanta bayan maza ne sahu sahu har gaba. Mace ba ta ratsa nan. Idan kuma ta taɓa na baya ta ce a miƙa wannan ga Malam, hannu zuwa hannu, kowane hannu sai ya ji abin da ke ciki, ita da kanta ta tona abin da ta yi kwanaki tana naɗewa.

"Jummai, ya zan yi?"

Ta matse ƙullin a ƙirji, batiran na ƙwanƙwasar juna.

Sai muka ji muryar Malam ta lasifika, a hankali, ba muryar tafsiri ba.

"Alaramma, dakata."

Da ma a dakace yake. Nan kowa ya gane.

"Jama'a, ban san inda Alaramma ya tsaya ba. Zan iya yin kirdado, wataƙila in dace. Amma wannan ba maganar da ake kirdado a kanta ba ce."

Daga bakin ƙofa muna hango shi ta tsakanin kawuna. Ya ɗaga hannu biyu ya kama bakin rawaninsa. Ya fara warwarewa. Ni tunda nake ban taɓa ganin kan Malam Nasidi ba rawani a waje ba, kuma na san yawancin mutanen nan haka. Ya warware, ya warware, yadin na taruwa a cinyarsa, har faifan nan biyu suka bayyana a kan kunnuwansa, baƙaƙe, da ƙarfen da ya bi ta saman 'yar hularsa, da waya ta sauka ta ƙeya. Ya zaro kwanon sabulu shuɗi daga aljihu ya ajiye a kan buzu.

Masallaci ya ɗauki guna-guni. Na ji wani saurayi ya ce, "Kai, hedifon ne!" Wani ya ce masa ya rufe baki.

"Kunnena ya yi nauyi," in ji Malam. "Tun bara. Da wannan nake jin Alaramma tun farkon watan nan, yanzu kuma ya mutu. Kuna magana ina ganin bakunanku, ba na jin ku, saboda haka wanda zai zage ni ya yi yanzu."

Wasu suka yi 'yar dariya, ta tsoro. Mai Unguwa bai yi ba.

Sai Malam ya juya ga ɗan wansa.

"Sabo."

"Na'am, Baffa."

"Na ga bakinka ya motsa, na ɗauka amsawa ka yi. An ce mini 'yar rikodarka irin batirin abin nan take ci. Na san abin da ka ajiye ta ta ɗauka, kuma ban ga laifinka ba, da ni ne kai da na yi fiye da haka. To ga shi ta ɗauka. Yanzu ko ka bar ta ta ci gaba da aikinta, in naɗe buzuna in ba ka wuri, ko ka ara mini abin da ke cikinta mu ƙarasa karatun mutane. Duk wanda ka zaɓa, ba zan riƙe ka ba."

Malam Sabo ya zauna bai motsa ba. Ya dubi rikodar. Ya dubi dattawa, babu wanda ya taimake shi da ko ƙifta ido. Ya dubi kan baffansa, furfura jiƙe da gumi, da sawun ƙarfe kwance a kai. Hajo ta damƙe hannuna, ƙullin batir tsakanin tafukanmu.

Ya miƙa hannu ya danna rikodar, ta yi ƙas. Ya juya bayanta, ya zare murfin da farce, ya zazzage batiran a tafinsa. Sannan ya ja gwiwa ya matsa gaban buzu. Ya buɗe kwanon sabulun, ya fito da na ciki, ya tsaya yana juya ɗaya a hannu.

"Baffa, waɗannan ai sun sha rana. Takardar jikinsu har ta kwaile."

Malam bai ji ba. Amma lasifika ta ji, ta kai wa unguwa gaba ɗaya. A rumfar mata aka kwashe da dariya, don babu wadda ba ta da nata a kan katanga. Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malam Sabo ya sa nasa, ya rufe, ya murɗa makunnin. Malam ya zabura ya dafe kunne.

"Kai! Rage, rage! Kashe ni za ka yi ka gaji buzun?"

"Afuwan, Baffa."

"Yawwa. Nan. Bar shi nan." Ya numfasa. "Alaramma, koma daga farkon ayar."

Alaramma Inuwa duk ya rikice da abin da ya gani. Ya ja, bai yi nisa ba harshensa ya zame a kan wani wasali. Kafin mahaddatan sahun gaba su buɗe baki, Malam ya ɗaga yatsa.

"A'a. Sake."

Ya sake, ya gyara. Mai Unguwa ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya jingina da bango. Malam ya ɗauki fassara, kansa ba rawani, kwanon sabulu a hannun Malam Sabo, don wayar ta yi gajarta kuma babu wanda ya ce masa ya ajiye. Haka ya riƙe har aka shafa.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba, kada in yi muku ƙarya. Akwai waɗanda suka daina zuwa, suka ce ba za su ɗauki karatu daga mai kayan 'yan disko a ka ba. Yara kuma suka sa masa Malam Mai Waya, sunan ya bi shi har ƙarshen ransa. Dattawa suka zauna bayan salla suka ce buzu na Malam ne muddin abin nan na aiki, amma Malam Sabo zai riƙa zama a damansa, shi ke riƙe da kwanon, shi ke da alhakin batir, kuma ranar da Malam ya gaji shi zai karɓa. Malam Sabo ya ce ya yarda, da sharaɗin kada batir ya sake biyawa ta hannun mata.

Da yammar ranar, an sha ruwa, na hau turmi na miƙa kwanon ƙosai, ban sauka ba. Malam na zaune a tabarma da kunnuwansa a kai, Bala na naɗe waya, Hajo na zuba kunu ba ta kallon kowa. Ƙullin yana gefen tabarma inda ta ajiye shi.

Malam ya ɗauka ya kwance, ya ga sababbin batir suna ƙyalli.

"Waɗannan fa?"

"Na ranar rufewa ne," in ji Hajo, can cikin maƙoshi.

"Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai, Malam. Abin yana kunne."

Bala ya ce, "Inna, ai na gaya miki ki zubar."

"Kai kuma rufe mini baki. Da ka gaya mini dalili ai da na ji. Ni duk wahalar kwanon sabulun nan ma ban ga amfaninta ba, tunda ga shi asirin da aka saye shi dominsa ya tonu."

Malam ya kurɓi kunu, ya ajiye ludayi.

"Ni na gani. Tun ɗazu nake jin kina tauna ƙosai."

Ya tura mata ƙullin. Ta ɗauka, ta juya shi a hannu, sannan ta ɗago ta gan ni a kan katanga.

"Jummai, tsofaffin nan da Sabo ya cire, ko kin ga inda aka jefa su? Rediyona zai ci."